Abin da Rediyon Inna Ya Faɗa a Kanka

Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma in ban rubuta ba zuciyata fashewa za ta yi. Ina cikin takaba, ba na fita, sai dai labari ya biyo ni har ɗaki.

Ka san inda na ji rasuwarka? A wayar maƙwabciya. Kafin yayanka ya iso daga asibitin Birnin Kudu ya faɗa min, har an watsa hoton motarka a kife cikin ruwa, a kwalbatin da ambaliya ta cinye a hanyar Gwaram. Da takalminka da ya fito a hoton na gane ka, wanda na yi ta maka tsiya ka yar, ka ƙi.

Washegari aka raba ka biyu. Shafukan 'yan adawa suka ɗora hoton gawarka, fuska a buɗe, wai hanya ce ta kashe ka, jama'a su tuna ranar zaɓe. Shafukan masu mulki kuwa suka ce hanya lafiyarta ƙalau, direba ne ya sha ƙwaya ya afka da fasinjoji. Kai? Mutumin da ko goro ya ci sai jiri ya ɗebe shi? Babu wanda ya tako gidan nan ya tambaye ni. Babu wanda ya je tasha ya tambayi abokan aikinka.

Ka tuna yadda kake da rediyo bayan la'asar? Murɗa nan, murɗa can, ba ka yarda da labari sai ka ji shi daga baki daban-daban. Ina tsokanarka wai ka mai da kanka alƙali. Ban taɓa faɗa maka ba, amma daga bakin murhu nake kasa kunne, abin da ka yarda da shi, shi nake ɗauka. Yanzu wa zai tace min?

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin raina shi ne Innarka. Ka san ta, a wurinta rediyo ba ya ƙarya, balle wanda ka saya mata. Tana zaune a ɗakinta a Kwandiko wani mai gabatar da shiri a rediyon ya ɗauko zancen ƙwayar daga waya, ya karanta shi yadda yake, har da sunanka.

Da ta zo gidan nan, ta kama hannuna, ta tambaye ni a hankali ko gaskiya ne. Na rantse mata, na sake rantsewa. Ta gyaɗa kai. Amma na ji addu'arta bayan salla. Ba fatan shahada take maka ba irin ta wanda ruwa ya ci, roƙo take Allah ya yafe maka alhakin rayukan mutane. Baban Safiya, uwar da ta haife ka ke nan.

Da za ta koma gida ta miƙo min rediyon, a naɗe cikin zane. Ta ce ita ba za ta iya ba, ni in riƙa saurare, ranar da suka gyara maganar in aika mata.

Kullum ina kunnawa. Tuni sun wuce wani labarin. Ita kuwa ta daina cin abinci sosai, kuma duk wanda ya je daga nan sai ta tambaye shi ko na ba da saƙo. Ina tsoron ta riske ka da wannan zancen a ranta.

Allah ya san halinka, ko da su ba su sani ba. Ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Taka har gobe,
Maman Safiya