Farar Motarmu da Listin Tsamiyar Kolo

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Komitin Rabon Cimakar Agaji na Ƙauyukan Kudu,
Damagaram.

Daga:
Alkasum Illa Mai Nasara,
Malamin lakwal, Unguwar Zango,
Damagaram.

Litinin, 21 ga Yuni 2010

Game da: Aron motar iyalina da ma'aikacinku ya yi ranar 14 ga Afrilu 2010, da sunayen yaran da aka rubuta a Tsamiyar Kolo ba a sake waiwayarsu ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina neman izini in gabatar da ƙorafina. Ni ba mai yawan kai takarda biron hukuma ba ne. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli, ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Amma wannan magana ta fi ƙarfin haƙurina, ta fi ƙarfin na maiɗakina Madam Wasila, wadda ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba.

1. Bara waccan Allah ya hore mana mota, ta hannu, daga Kwatano. Irin motocin nan ne na yanzu, ba ta kai kat-kat, manyan motocin shiga daji, ba, amma ta fi ƙaramar mota tsayi, kuma fara ce. Ba don a gan ni na nemo ta ba. Mahaifiyata, Hajiya Balki, ta ƙi zaman birni ƙememe, tana ƙauyenmu Tsamiyar Kolo, bayan Dogo, hanyar kuwa yashi ce zalla. Da tsohuwar motata sai mun kafe sau biyu kafin mu isa, ni da Wasila muna tona da hannu, yara suna kuka. Wannan kuwa ba ta san da yashin ba. Wasila ungozoma ce a gidan haihuwa, tana da farminta na tuƙi, kuma in dai za mu ƙauye ba ta bar mini sitiyari. Cewa take yi tana hango hanya daga sama kamar wadda ke kan raƙumi. Yaranmu uku su yi barcinsu a baya, buhun geron Hajiya a bayansu. Na faɗi wannan ne don ka san motar ta zumunci ce, ba ta aiki ba, kuma muna jin daɗinta ƙwarai kafin abin da zan ambata.

2. Ranar Talata 13 ga Afrilu, ma'aikacinku Sha'ibu Sule ya same ni a gida. Ɗalibina ne na dā, ni na koya masa rubuta sunansa. Ya ce motar komiti tana gareji, ga shi ana son sunayen yaran da yunwa ta kama a ƙauyukan kudu kafin Alhamis, in ba haka ba rabon ya wuce su. Da na ji har da ƙauyenmu, ban nemi takarda ba, ban nemi sa hannu ba, na miƙa masa makulli ina sa masa albarka. Washegari ya manna takardar komitinku a ƙofofin motar biyu, ya tafi da sikeli da ɗan zaren nan da ake auna damtsen yara. A Tsamiyar Kolo, a ƙofar gidan maigari, ya rubuta yara sittin da uku. Ya shaida wa iyayensu, a gaban kowa, cewa nan da sati biyu kamyo, babbar motar kaya, zai zo da gero da garin yara, duk wanda sunansa ke listi kada ya gusa. Ya dawo mini da mota da la'asar, ya ɓare takardun. Shatinsu na nan har yau a ƙofa, mun wanke mun gaji.

3. Ranar Asabar 24 ga Afrilu muka je gaida Hajiya kamar yadda muka saba, ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba. Tun daga bakin rijiya mata suka biyo mu da gudu, goyo a baya, wasu da ƙwarya, wasu da tsohon buhu. Wasila ta taka birki. Ranka ya daɗe, mutanen ƙauyenmu ba wawaye ba ne, sun san motata sarai. Lissafinsu mai sauƙi ne: motar Alkasum ta zo ta rubuta sunaye, sati biyu ya kusa, ga motar Alkasum ta dawo. Da za a ba ni wannan a jarrabawa, ni ma amsar da zan rubuta ke nan. Na fito na yi bayani har muryata ta dushe. Buhu ɗaya muka kawo, na Hajiya. Ta sa aka fito da shi, ta zauna da tiya tana aunawa rabi-rabi, kafin la'asar ko ƙwaya ba ta rage mata ba. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da ɗoriya, ta ce ba za ta iya haɗiyar tuwo ba ana kallon ƙofarta.

4. Mun koma ranar 8 ga Mayu, mun sake komawa ranar 29. Kowane zuwa layi ya fi na baya tsawo, yaran sun fi ramewa. Anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, ake jiƙawa kwana uku a ci, da dusa in an samu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: gidaje da dama sun shirya tafiya Kano ko Matamai neman abin kai wa baka, kamar yadda ƙauyukan da ba a rubuta ba suka yi tun da sauran ƙarfi a jikinsu. Mutanenmu suka kwance kaya suka zauna, saboda an ce mai suna a listi kada ya gusa. Da ma'aikacinku bai zo ba sam, da sun tafi. Alkawarin ne ya ɗaure su.

5. Yanzu magana ta juya kaina. Ana faɗa a ƙauye cewa gero ya fito tuni, a Zango ya tsaya, a ɗakin ajiyata. Ba a faɗa a gabana, a gaban Hajiya ake faɗa. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa gaisuwar rasuwa, rasuwar kuwa ba ta yankewa. Babbar 'yarmu Halima, mai shekara tara, da mun wuce Dogo sai ta kwanta a ƙasan mota ta rufe fuska, ta ce ba ta son ganin hannuwa a gilashi. Wasila, wadda dā sai mun yi gardama kan makulli, ta ce ba za ta ƙara tuƙa wannan hanya ba, don tsayin da take yabo shi ke sa ta hango cikin gidajen mutane ta saman danga. Ni kaina yanzu in na tayar da motar sai in ji kamar na sato ta.

6. Na zo bironku ranar 17 ga Mayu, da 31 ga Mayu, da 7 ga Yuni. Sau biyu aka ce mini Sha'ibu ya fita aiki. Na uku sakatare ya ce listi yana hannu, ana nazari. Wata biyu ana nazarin suna sittin da uku. Ɗalibaina na aji uku da tuni sun haddace su. Shi kuwa Sha'ibu, da ya hango farar mota a titi sai ya karya kwana da babur ɗinsa. Ba na cewa ya ci komai, ban gani ba, kuma ba zan ɗora wa ɗan mutane abin da ake ɗora mini ba. Cewa nake ya yi magana da sunanku a cikin motata, ya bar ni da amsawa.

7. Shekaranjiya Asabar, 19 ga Yuni, na je ni kaɗai. Da layi ya watse, wata mata mai suna Barira, maƙwabciyar Hajiya, ta tsaya a gefen mota, zanen goyo a hannunta, bayanta ba kowa. 'Yarta Sakina, mai shekara biyu, ta rasu ranar Laraba. Na zaci zagi zan sha, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta durƙusa ta gaishe ni da hanya, ta tambayi su Halima. Sannan ta ce alfarma take nema: in na koma birni in sa a soke sunan Sakina daga listi, don kada ranar da kamyo ya zo a auna mata rabon da ba nata ba, ga yaran wasu suna jira. Na ce mata to. Ban san abin da ya sa na ce to ba, tunda ko ganin listin ban taɓa yi ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi nake roƙon abubuwa kamar haka. A kai wa Tsamiyar Kolo cimakar da aka alkawarta kafin ruwa ya zauna hanya ta yanke. In kuwa babu, to babu ba abin kunya ba ne a shekara irin wannan: a tura babban ma'aikaci ya tsaya a ƙofar maigari ya faɗa da bakinsa, don masu sauran ƙarfin tafiya su tafi, ya kuma shaida musu cewa ko tiya ɗaya ba ta biyo ta hannuna ba. In motarku tana gareji har yanzu, ni zan kai shi da kaina.

Na ƙarshe kuma ba ya bukatar kamyo ko nazari, alƙalami kawai yake so. A buɗe listin, a nemo Sakina 'yar Barira, a ja layi a kan sunan. Na yi wa uwarta alkawari, kuma ba na so ya zama na biyu da aka yi mata a gefen wannan mota ba a cika ba.

Ina roƙon gafara in harshena ya yi kaifi a wani wuri. Allah ya taya ka riƙo, ya kawo mana damina mai albarka.

Naka cikin girmamawa da biyayya,

Alkasum Illa Mai Nasara
(sa hannu)