Ba Wanda Ya San Zaituna a Benenmu

Soundview, Bronx
18 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙawata kuma 'yar'uwata Rukaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya karatu, yaya zaman makarantar kwana? Yaya su Inna a Aboabo? Tunda an hana ku riƙe waya, ga ni na koma biro da takarda. Wani Alhaji na masallacinmu zai taho Kumasi, shi zai kawo miki. Kada ki yi mini dariya, amma daɗin rubutun nake ji, sai in ga kamar ina cikin littafi.

Albishirinki. Kin tuna lokacin kamfen Yaya Zaituna tana ta zuwa aikin sa kai, tana amsa wasiƙun mutane, Mama tana faɗan ta gama digiri ta tsaya wahalar banza? To ɗan takararsu ya ci zaɓen shugaban ƙasa. An buɗe ofis a Manhattan inda ake shirin karɓar mulki kafin rantsuwa a watan Janairu, kuma an kira ta. Wasiƙu suke zuwa buhu-buhu, ban da na imel. Ga masu murna, ga masu zagi, ga masu neman aiki, har da yaran firamare masu tambayar ko sabon shugaba yana da kare. Ita da abokan aikinta suke rarrabawa, su tsara amsar da za a ba kowane rukuni, su kuma tsara wa da wa za a ɗauka a sashen wasiƙu idan an koma fadar shugaban ƙasa. Shugabar sashensu ta ce mata sunanta yana cikin masu tafiya Washington. Abin da ya rage kawai binciken da gwamnati take yi wa duk wanda zai yi aiki a can, a tabbatar da inda yake zaune da waɗanda suka san shi.

Ni tun ranar ban ƙara karatun kirki ba. Na riga na shirya mata ɗaki a kaina, mai babbar taga, ni kuma na je hutu ina tsaye a bakin tagar, dusar ƙanƙara tana zuba, wani dogo mai dogon kwat ya ɗago kai daga titi. Kin san dai yadda ake yi.

Amma gaskiya haushi ne ya sa na ɗauki biron nan. Mutanen benenmu, Rukaya! Tunda labari ya fita ƙofarmu ba ta huta ba. Baba Aziz mai kantin ƙasa ya hawo da takardun ɗansa, wai a sa shi cikin direbobin shugaba. Wata mata da ba mu taɓa gani ba ta zo tun daga unguwar Jamaica ta nan birnin da hoton mijinta. Yaya ta yi musu bayani cikin ladabi cewa an hana su shigar da takardar kowa da hannu, akwai shafin intanet da ake cikewa, kowa ta nan yake bi. Sai Baba Aziz ya ce lallai duniya, shi da ya ɗauko ta daga filin jirgin saman JFK a tasinsa tana jan majina, yau shi ake nuna wa shafi. Anti Adjoa ta ƙofar da ke kallon tamu kuwa, da ta gan ta a matakala sai ta ja gefe ta rusuna, wai a ba Madam Washington hanya kada a taka mata takalmi.

Ina bayan ƙofa ina ji, ina haɗa amsoshi masu zafi a raina, ko ɗaya ban taɓa furtawa ba. Kin san ni, ko gaisuwa da kyar nake yi. Yaya dai ta ce daga yau ba ta ƙara gaya wa kowa komai game da aikinta, kuma na goyi bayanta.

Ki gaishe mini da Inna da kyau. Littafin da na ba ki aro, kada ki bari 'yan ɗakinku su cire masa bango.

Taki har kullum,
Khairunnisa


Soundview, Bronx
6 ga Disamba

Rukaya 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da su Inna, da malamanku. Mu jikinmu lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Sun kashe wa Yaya Zaituna aiki. Mutanen benen nan, da bakinsu.

Ranar Talata mai binciken gwamnati ya zo. Yaya ta ɗauka waɗanda ta ba da sunansu kawai za a kira, malaminta na jami'a da shugabar sashensu. Ashe har gida suke zuwa su tambayi maƙwabta. Ina makaranta, Yaya tana ofis, Mama tana Staten Island wajen tsohuwar da take kula da ita, sai Juma'a take dawowa. Ya buga ƙofarmu shiru, sai ya juya ya buga ta Anti Adjoa, ya nuna mata katin aikinsa, ya tambaye ta ko ta san wata Zaituna a nan.

Ba ki nan lokacin da aka tafi da Kwaku, ɗan Anti Adjoa, bari in gaya miki. Wasu ne suka zo da kati irin wannan suna tambayarsa, wani maƙwabci da bai san komai ba ya nuna musu ƙofa. Kwaku ba shi da takardu. Yanzu yana Ghana, 'yarsa tana nan ba ta san shi ba sai a waya. Tun daga ranar aka yi doka a benenmu, ba a rubuce ba amma har yara sun san ta: in baƙo ya zo da kati, ba wanda ya san kowa.

To Anti Adjoa ta dube shi ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Yana juya baya ta saki saƙon murya a Wasap na bene, cewa ga mutumin gwamnati yana neman 'yar Hajiya, wato Yaya, kowa ya kama bakinsa. Ya bi hawa-hawa yana nuna hotonta, kowa sai ya girgiza kai. Baba Aziz har gilashi ya sa, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce shekara da shekaru yana sayar da gari da manja a layin nan, bai taɓa ganin wannan fuskar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da yamma suka taru a falonmu suna murna. Anti Adjoa ta rungume Yaya tana cewa 'yata, kwantar da hankalinki, mun kore shi, ba wanda zai taɓa ki muna raye. Baba Aziz yana kwaikwayon yadda ya sa gilashi, ana ta dariya. Na ga fuskar Yaya ta sauya, amma sai ta durƙusa ta yi musu godiya. Godiya, Rukaya! Ni kuwa na shige banɗaki na cusa tawul a baki na yi ihu.

Washegari aka kira Yaya a ofis. An ce ba a iya tabbatar da adireshinta ba. Takardar hayar gidanmu ba za ta taimaka ba, kin san da sunan Kawu take, shi kuwa ya koma Kumasi tun muna ƙanana, haka takardar wuta. Sun ce hanya ɗaya ce: a samu maƙwabta biyu da ba dangi ba, su zauna da mai binciken, su nuna katinsu, su ce sun san ta. Kuma a yi sauri, don ranar Juma'a ta sama za a rufe tsarin ma'aikata, kujera ba ta jiran kowa.

Na ce to ai shi ke nan, mu sauka mu gaya musu. Yaya ta ce a'a. Wai duk wanda ya koma ya ce ya san ta, ya amsa ke nan cewa ya yi wa jami'in gwamnati ƙarya, kuma wannan laifi ne da zai iya taɓa takardun mutum. Anti Adjoa girin kad ne da ita, wato katin izinin zama, a bana take neman zama 'yar ƙasa don ta samu hanyar dawo da Kwaku. Baba Aziz kuwa akwai yaran ɗan'uwansa da suke kwana a bayan kanti, ba su da takardu. Ta ce ba za ta hau kan wuyansu ta tafi Washington ba. Ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, na ƙi rantsewa, muka kwana ba ma magana.

A littattafai in an zo nan wani yake shigowa ya gyara komai. Na leƙa taga, ba kowa sai motar kwasar shara.

Ki sa ta a addu'a. Ni na kasa, da na ɗaga hannu sai in ji zagi yana zo mini.

Taki,
Khairunnisa


Soundview, Bronx
21 ga Disamba

Rukaya ƙawata,

Assalamu alaikum. Yaya kike, yaya jarrabawa? Allah Ya ba da sa'a. Yaya ƙafar Inna? Wasiƙarki ta iso, na gode da addu'a, na kuma ga inda kika ce in yi haƙuri. Ban yi ba.

An rufe tsarin ma'aikatan, ba sunan Yaya. Wani saurayi aka ba kujerar, kuma ita aka ce ta koya masa aikin kafin Janairu. Wasiƙar da aka aiko mata ta ban haƙuri, wadda ake aika wa duk wanda ba a ɗauka ba, ita ta tsara ta da hannunta makonni kaɗan da suka wuce. Ta nuna mini a wayarta tana dariya, wai ga shi ko waƙafi ba su canza ba. Na ce mata ba abin dariya ba ne.

Ranar Lahadi aka yi suna a hawa na biyu. Mata cike da falo, ana cin tuwo, sai Anti Adjoa ta ɗauko labarin yadda ta kori mutumin gwamnati. Ta ƙara masa gishiri, wai har gumi ya yi. Wata ta juyo ta tambayi Mama yaushe Madam Washington za ta tafi. Mama ta sunkuyar da kai.

Rukaya, ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko sunana aka kira a aji sai gabana ya faɗi. Na ce ba inda za ta, ku kuka hana ta. Na ce mutumin nan ba kama ta ya zo yi ba, aiki ya zo tabbatar mata, kuka ce ba ku san ta ba. Na ce takardun 'ya'yanku kun san ƙofar da za ku kai, amma da aka nuna muku hotonta kowa ya makance. Na faɗi har da abin da Yaya ta hana ni, cewa ta ƙi neman ku gyara ne don kada a taɓa takardunku. Na gama ina haki. Mama ta ja ni waje da mayafi. Har yau ba ta gama yi mini faɗa ba, wai na tsinka ta a gaban mutane.

Litinin da safe Anti Adjoa ta ɗaura zanen da take zuwa coci da shi, ta sa girin kad ɗinta a jaka, ta hau jirgin ƙasa lamba shida ita kaɗai har ofishin su Yaya a Manhattan. Masu gadi suka hana ta hawa. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin sanyin nan, duk wanda ya fito da kati a wuya sai ta tare shi, ta ce ita ce ta yi ƙarya, ta san Zaituna tun tana sa ɗan kamfai, a kai ta wajen babbansu. Allah Ya sa wata abokiyar aikin Yaya ta ji sunan, ta hau ta kira ta. Yaya ta sauko da gudu, ta toshe mata baki da hannu, ta ja ta zuwa tasha. Ta ce mata Anti, an riga an rufe, ko kin faɗa ba abin da zai canza sai dai ki rasa Kwaku karo na biyu. A jirgi suka dawo, Anti tana kuka tana cewa 'yata na cuce ki, Yaya tana gyara mata ɗankwali.

Yanzu kuma ni ce mai laifi a gidan. Yaya ta ce saura kaɗan in jawo wa matar nan abin da ba zan iya ɗauka ba. Na ce to ita wa ya ɗaukar mata nata? Sai ta ci gaba da goge rigar da za ta sa ta je ta koya wa wani aikinta.

Haushin yana nan, sai dai na rasa inda zan ajiye shi. In na ɗora wa Anti Adjoa sai in tuna ta a bakin ƙofar can da jakarta. In na ɗora wa mai binciken, aikinsa ya yi. Baba Aziz ya daina haɗa ido da mu, in na shiga sayen burodi sai ya tura yaro ya sallame ni. Littattafaina duk na tura ƙarƙashin gado, ba na son ganin mutanen da komai yake yi musu daidai a shafin ƙarshe.

Kullum da magariba Anti Adjoa tana ajiye kwanon wake da shinkafa a ƙofarmu, da soyayyen yajin nan shito da dafaffen ƙwai, ta buga ta koma ɗakinta kafin a buɗe. Yaya tana ci har ta suɗe cokali. Ni na ce ko zan mutu ba zan taɓa ba. Jiya dai na dawo makaranta ban ci komai ba, na ɗan ɗiba ina tsaye a kicin. Yunwa ce kawai, kada ki ɗauka wani abu ne. Kwanon ma ban mayar mata da kaina ba, a ƙofarta na ajiye na buga na gudu.

Ki gaishe da Inna, kada ki karanta mata wannan. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki mai kewarki,
Khairunnisa