Kunamar da na sa aka sassauta

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Ban san garin da zan aika ta ba, shi ya sa na rubuta ta a inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya shaida ka ya karanta maka.

Shekara biyu ke nan da fitarka. Shinkafarmu ta bakin kanal ta sake fid da kai, tsuntsayen jan-baki sun dawo, da gwangwani muke korarsu yanzu.

Ka tuna sa'ad da belin injin casa ya kama maka ɗan yatsa? Ya warke, amma ya sandare. Ita kuwa bindigar tokar da Baba ya bar mana, wadda kake razana tsuntsaye da ita, kunamarta tauri gare ta. Sau nawa ina kallonka kana cije leɓe kana ja, har tsuntsayen su ƙoshi su kama gabansu. Tausayinka ya kama ni. Ranar kasuwar Bunkure na ɗauke ta ba da saninka ba, na kai wa maƙeri na ce ya sassauta kunamar.

Da zai miƙo mini ya ce, wannan fa ko ƙuda ya sauka a kanta sai ta yi magana. Na zaci kirari yake yi wa aikinsa. Haka na maimaita maka, muka yi dariya, ka sa mini albarka.

Da hantsin ranar da abin ya faru mu uku ne a kan gaɓar kanal. Iro ne a gaba, abokinka tun kuna makarantar allo, kai a tsakiya, ni a baya. Ka riga ka ɗana bindigar saboda ka hango tsuntsaye na tahowa. Santsin laka ya kwashe ka, gindin bindigar ya bugi ƙasa, ta tashi daidai lokacin da Iro ya juyo. Ba ka ja komai ba, Yaya. A kan idona aka yi.

Iro ya zauna daɓas cikin ruwa yana duban cikinsa. Muka ɗauke shi zuwa titi, muka tari a-daidaita-sahu. Kansa na bisa cinyarka, kana danne wurin da hularka, shi kuma yana ta cewa, ba komai Habu, ba komai. Kafin mu shiga Kura rai ya yi halinsa.

Mahaifinsa ya tsaya gaban dagaci da hukuma ya ce ya yafe, kwana ne ya ƙare. Kowa ya karɓa ban da kai. Ka daina zama majalisa. A masallaci sai sahun ƙarshe, ana sallama ka fice. Bayan sadakar arba'in ka ce za ka Kadawa duba irin tumatir. Har yau.

Babu inda ban bi ba. Na rarraba hotonka ga direbobin da ke kai tumatir Kudu. Wani ya ce ya ga mai kama da kai yana sauke kwanduna a Legas, da na matsa masa ya ce bai tabbata ba. Lambarka kullum a kashe, amma ban fasa kira ba.

Akwai abin da ban faɗa ba a gaban dagaci. Aka tambayi yadda bindiga ta tashi ba a taɓa ta ba, ka yi shiru don kada ka ambace ni, ni ma na yi shiru saboda tsoro. Na bar ka ka ɗauki kayan mutum biyu. Bana na kasa daurewa, na je na durƙusa gaban mahaifin Iro na faɗa masa komai. Ya daɗe yana jan carbinsa, sannan ya ce, to shi Habun yaushe zai dawo? Ya ce ɗa ɗaya Allah ya karɓa, bai ga dalilin da zai rasa biyu ba.



Idon Inna ya yi rauni sosai. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta tsai da abin da take yi ta kasa kunne, in ta ji ba muryarka ba ce ta amsa a hankali. Na iya noma gonarka, na iya riƙe gidanka, amma wannan ban iya ba. Ko ba za ka zo ba, ɗan'uwana, ka ari wayar wani ka ce mata kana raye.

Allah ya jiƙan Iro, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya yafe mini, ya sa Inna ta ji muryarka tun tana da rai. Amin.

Ƙaninka,
Sani