Ba Zan Tumɓuke Furen Kakata Ba

Zuwa ga Weishan, sanyin idona, inuwata idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, kuma, daga kwana goma sha ɗaya da suka wuce zuwa yau, babban matsoracin birnin Datong.

Ina gaishe ka gaisuwar mai ƙauna, amma ka sani cike nake da fushi. Saƙonka ya same ni a tsakiyar lambu, kwando a kafaɗa, raɓa ta jiƙa ni har gwiwa. Layi biyu kacal a waya! "Ruolan, ki ba Mama haƙuri, ki cire furen nan daga gidanku, magana ta wuce." In cire? Da yatsunka ka rubuta wannan, ko aron wayarka aka yi?

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda mantuwa ta kama ka. Ranar Lahadi ka kawo iyayenka ƙauyenmu su ga yarinyar da za ka aura. Tun da sassafe na tsinko furen nan da muke ci, wanda ake kira allurar zinariya, dogayen toho rawaya waɗanda ba su kai ga buɗewa ba. Na tsoma su a tafasasshen ruwa, na zubar da ruwan, na jiƙa su a na sanyi, sannan na dafa wasu da kaza da citta, na soya wasu da ƙwai. Busassun bara kuma na yi musu miyar taliya da awara. Mamarka ta ci ta ƙara, ta ce, "Yarinyar nan hannunta da daɗi." Da za ku tafi ta hango kwandon ɗanye a bakin ƙofa ta ce tana so. Na miƙa mata da hannu biyu, na ce, "Goggo, ɗanyen nan ba kamar busasshen kanti ba ne. A tafasa shi sosai, a zubar da ruwan, a jiƙa shi, kafin ya ga mai." Sau uku na faɗa, kana tsaye riƙe da jakarta. Ta ce, "Shekara arba'in ina girki, 'yar nan, ba yau za a koya min suya ba."

Ta je gida ta watsa shi a kasko ɗanye shar. Ciki ya murɗa, amai da gudawa, har da ƙarin ruwa a asibiti. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na dama kunun gero, na bar toho yana buɗewa a banza a lambu, na shiga mota biyu na zo dubiya. Ta juya fuska bango, ta ce a gaban marasa lafiya shida da danginsu, "Ku fitar min da mai guba." Ita ban riƙe ta ba, ciwo ke magana. Kai na kalla. Kai, hasken safiyata, dutsen da na jingina bayana, ka sunkuyar da kai kana nazarin takalminka kamar ranar ka fara ganin sa!

Guba! Weishan, ka san abin da kuka kira guba? Kakata ce ta dasa saiwar farko a shekarar da ta haifi babana. Duk bayan 'yan shekaru sai ta tono gindi ta raba, ta sake dasawa, ta jira shekara uku kafin ya ba ta cikakken kwando. Kunya goma sha biyu ne yanzu a bayan ɗakinmu. Da miyarsa aka yi jegon duk matan gidan nan. Da ta kusa rasuwa ba ta ce in kula da akwatinta ba, cewa ta yi, "Kada ki bar ciyawa ta shaƙe min su." Tsofaffi suna kiransa ganyen manta damuwa, ga shi ku kun mai da min shi tushen damuwa. Wake ma idan bai dahu ba yana kwantar da ƙato. Wa ka taɓa ji an ce ya ƙone rumbun wakensa?

Ina mutumin da na sani? Bara war haka na shanya turararren toho a tabarmi takwas a ƙofar gida, hadari ya taso baƙi ƙirin daga yamma, ni kaɗai ina gudu ina kuka, don ɗigo ɗaya ya isa ya baƙanta aikin mako guda. Sai ga motar fasinja ta tsaya cak a inda ba tasha ba. Direba ya diro ya kama bakin tabarma bai ko tambayi sunana ba. Fasinjoji suna buga taga, wani tsoho yana ihu, "Kai direba, gida za ka kai mu ko aure ka zo nema?" Kai ne direban, ka ɗaga murya ka ce, "Kaka, in dai ta yarda, duka biyun!" Ranar mutum talatin ba su ba ka tsoro ba. Yau kalma ɗaya ta gaskiya ta fi ƙarfin bakinka? Ruwa ya jiƙa ka sharkaf, na ba ka miya mai zafi ka sha a tsaye, tun daga lokacin kuma zuciyata ta bi motarka ba ta dawo ba. Kaico! Har yanzu in na ji ƙarar mota a kwanar rijiya sai kwando ya nemi kuɓuce min. Ina jin haushinka, ina kuma kewarka kamar yadda shuka ke kewar ruwa a tsakiyar fari, kuma wannan kewar ita ta fi ba ni haushi.

To ga labarin da ba ka sani ba. Yau da hantsi na ɗago daga tukunyar turara sai na ga babanka a ƙofar gida, da sandarsa da gwiwarsa mai ciwo, riƙe da kwandona wanda Goggo ta tafi da shi. Ya zauna ya huta, sannan ya ce, "'Yata, ina tsaye ta zuba shi a mai. Na ce mata yarinyar ta ce a tafasa, ta ce in fice mata daga kicin. Da aka kawo abinci na ce haƙorina ke ciwo, shi ya sa kika gan ni garau." Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ya ce, "Cikinta ya warke tun tuni. Kunya ce ba ta warke ba." Dattijo mai shekara saba'in ya hau mota biyu don ya faɗa min wannan. Ɗansa kuwa, mai tuƙa mota da kansa, ya kasa gane hanya.

Saboda haka ka saurara, abin ƙaunata. Saiwa ɗaya ba zan tumɓuke ba. Ba kuma zan nemi gafarar laifin da ban yi ba, don auren da aka kafa a kan wannan ƙaryar kullum sai ya nemi wata. Goggo kuwa babba ce, ban ce ta ba ni haƙuri ba, ba zan kuma taɓa tayar da maganar a gabanta ba. Na ƙulla mata busasshe mafi kyau na bana, wanda ta saba da shi. Duk ranar da ta ga dama ta zo, kujerarta na nan.

Kai ne ba zan ɗaga wa ƙafa ba. Kwana arba'in furen nan yake bayarwa a shekara, saura tara. Ka zo da sassafe da takalmin roba, ka kama kunya ɗaya daga wannan bango zuwa wancan, ka tsinka har bayanka ya gaya maka. In ka gama ka dube ni ido cikin ido ka ce, "Na ji lokacin da kika gargaɗe ta, na yi shiru, ban kyauta ba." Iyakar abin da nake nema ke nan. Ya yi yawa ne ga wadda ta ba ka zuciyarta ɗungurungum?

Babanka ne zai kawo maka takardar nan. Yanzu haka yana tsakar gida a kan kwanon miya na biyu, ya ce in gaya maka haƙorinsa ya warke.

Taka, a fushi da a farin ciki, wadda ba za ta kalli wani ba ko da duwatsun arewa za su narke su bi kogi,

Meng Ruolan