Dutse Na Huɗu Ba Ya Cikin Gado

Da sunan Allah. Ni Birame Ndoye, masunci a garin Kayar na bakin teku, na sa a rubuta wannan ina cikin hankalina sarai, ƙafafu ne kawai suka yi mini tawaye. Zuwa ga 'ya'yana, Libasse da Ndiaga da Codou.

Na ɗaya. Gida da kwalekwale da inji a raba su yadda shari'a ta tsara. Roƙona kawai kada a sayar da kwalekwalen. Mahaifiyarku ta zauna a ɗakinta har iyakar ranta.

Na biyu. Codou, ki yafe mini. Lokacin da kika fara aiki da masu binciken nan da ke yankar ɗan gefen wutsiyar kifi su tafi da shi, kin ce mini girman kifin cof gado ne, kamar tsawo a zuri'a. Na yi miki dariya gaban mutane, na ce yarinyar da ko amai ba ta taɓa yi a teku ba ce za ta koya mini kifi. Ke ce da gaskiya.

A ƙuruciyata cof ɗaya sai mutum biyu suke ɗaga shi. Ƙa'idarmu ta masu ƙugiya ita ce babba a jirgi, ƙarami a mayar da shi ruwa. Muna alfahari da haka, muna zagin masu raga da rashin imani. Ashe kullum masu saurin girma muke kwashewa, tsumburarrun muke bar wa haihuwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to haka mai rarrafe ba ya haifar mai gudu. Bara mahaifiyarku ta feɗe wani cof da bai kai damtsena ba, ta tarar cikinsa fal da ƙwai. Ta ce, “Birame, kun mayar da su wadanni.” Da wasa ta faɗa. Har yau ina jin kunyar abin.

Na uku. Libasse da Ndiaga, tun damina ba ku sa hannu a kwano ɗaya ba, kuma na san dalili. Mahaifina ya bar mini duwatsu huɗu a ƙarƙashin teku inda cof ke taruwa, ya koya mini gano kowanne ta hanyar daidaita alamu biyu a tudu. Uku na nuna muku, tare muka cinye su. Na huɗun ne kowannenku yake zaton zan raɗa wa ɗan'uwansa. Ku kwantar da hankali, ba wanda zan gaya wa.

A can ne kaɗai na san manya sun rage, irin na dā. In aka bar su suka hayayyafa, wataƙila jikokinku su ga abin da na gani. Ndiaga, ba ka iya riƙe magana, kuma na'urar nuna hanya da ke jirginka, mai adana duk inda ka je, ta fi ka baki. In na gaya maka, kafin Juma'a duk Kayar tana kan dutsen. Libasse, kai za ka rufe bakinka, amma yara bakwai gare ka da rufin da ke yoyo, ranar da tukunya ta bushe za ka je, ni ma da ni ne da na je.

Na san abin da nake hana ku. Ni ubana bai hana ni ba. Na ci rabona, na haɗa da naku, yanzu kuma ku nake sa wa azumin. Ba adalci ba ne, ban kuma sami wata hanya ba.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a ruwa da tudu, ya ba ku abin da ya fi wanda na riƙe. Ku kula da mahaifiyarku da ƙanwarku, ku koma kwano ɗaya. In haushi ya taso, ku haɗu ku ji nawa, kada ku ji na juna.