Babana Ya Yi Yaƙi da Sunan Wansa

Inna Tabawa, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle kuma lokaci ya ƙure mini. Ni malamar lakwal ce a Buza, shekarata goma sha ɗaya da alli a hannu, ban taɓa zaton wata rana zan kawo kukana jarida ba. Ki yi haƙuri in na ja zance. Sunayen mutanenmu na canza su don rufin asiri, kuma in kin karanta za ki ga aron suna a gidanmu abin gado ne.

Bana shekara hamsin ke nan da sojojinmu suka sauka ƙasar Faransa a yaƙin Jamus. Sai 'yan mazan jiya na Buza da Madawa da Keita suka ce a yi musu ɗan littafi, a tara labarin waɗanda suka yi fice tun sauran suna da rai. Da yake ina karanta Faransanci, kuma ni ɗiyar soja ce, suka damƙa mini aikin. Kai, Inna, da kin ga abin da ya biyo baya! Kowa kakansa zaki ne. Wannan ya ce nasa shi kaɗai ya kama Jamusawa arba'in da sanda, wancan ya ce nasa harsashi ruwa yake zama a jikinsa. Na ga in na biye musu littafin tatsuniya za mu buga. Sai na tsaya gaban kwamitin da suka naɗa don littafin na kafa doka biyu. Ta farko, zuwa soja kaɗai bai isa a ba mutum shafi ba, sai in ya yi abin da ya bambanta shi, kamar samun lambar yabo ko igiya. Ta biyu, abin da takarda ba ta faɗa ba ba ya shiga, kuma sunan da ke kan takarda shi ake rubutawa. Tsofaffi suka yi mini tafi, na koma gida ina hura hanci.

Da wannan doka na mayar da mutane da yawa. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Cima, wata tsohuwa daga Karofane. Ta zo da ƙunshi a gefen zane, ta kwance a gabana, sai ga garin takarda. Gara ta cinye littafin sojan mijinta, bangon kaɗai ya rage. Ta ce shekara shida ya yi a can, ya dawo kunne ɗaya ba ya ji. Na ce mata doka ce, ba ni da yadda zan yi. Ko gardama ba ta yi mini ba, ta ɗaure garin takardarta ta tafi.

To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Babana sunansa Alhusaini, amma duk garinmu Sarzan, wato Saje, ake ce masa, kowa ya san shi ya je yaƙi. Sai dai littafinsa na soja da takardar yabonsa duk sunan wansa Tanimu ne a kansu. Abin da ya faru, lokacin da kwamanda ya aiko a ba da samari, sunan Baba Tanimu ne ya fito. Matarsa Gogo tana da tsohon ciki, kakanmu Garba ya tsufa, gona ba mai riƙewa. Ranar da masu ɗaukar soja suka zo, aka sa Baba Tanimu cikin rumbu aka rufe. Da aka kira sunan, babana ya fito ya amsa. Bature ina ya san wa da ƙane? Tun daga ranar babana ya zama Tanimu Garba a takarda. Takardar yabon ta ce Tanimu Garba ya janyo abokansa uku daga bakin wata gada ana ruwan wuta, ya rasa yatsu biyu na hannun hagu. Da wannan hannun mai yatsu uku ya riƙe ni ranar da ya fara kai ni lakwal.

Duk shekara in aka tara 'yan mazan jiya gaban tuta ana kiran suna, da an ce Tanimu Garba sai babana ya ƙame ya ce "Furzan!" da ƙarfi, yadda suke amsawa a bariki. Muna yara dariya abin yake ba mu, har mu koma gida muna kwaikwayonsa. Yanzu ba ya ba ni dariya.

Kin ga inda na tsaya. In na bi dokata, shafin da ya fi kowanne kyau zai fita da sunan Baba Tanimu, Allah ya jiƙansa, mutumin da iyakar tafiyarsa kasuwar Bangi. Yau gari ya san gaskiya, amma nan da shekara talatin jikokinmu littafi za su yarda da shi. In kuma na rubuta Alhusaini, na karya dokar da na kafa da bakina, da wane ido zan dubi Cima? Ai cewa za a yi laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wasu.

Ga kuma Gogo. Ita ta goye ni bayan rasuwar uwata, ban san wata uwa ba sai ita. Ta kira ni ɗaki ta roƙe ni kada maganar rumbu ta shiga littafi, ta ce har mijinta ya koma ga Allah bai daina jin kunyar wannan rana ba. Na fito ina share hawaye.

Shi kuwa Baba idanunsa sun yi rauni, ya yini a zaure. Duk ranar da na je gaishe shi sai ya tambaye ni ko an sa shi a littafin. In ce ana nan ana yi. Wallahi, Inna, ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa wane suna yake nufi ba. Cikin waɗanda suka tafi tare saura mutum ɗaya, Maiguwa a Keita, shi ma an ce yana kwance. Littafin zai tafi wurin bugawa a Yamai nan da mako huɗu. Har na yi tunanin in cire shafin gaba ɗaya, ko in ajiye aikin in ce ba ni da lafiya. Ki faɗa mini abin yi, ko da zai yi mini ɗaci.

Ɗiyar Sarzan, Buza

*

Ɗiyata, share hawayenki, kuma maganar ajiye aiki ki bar ta. Ciwon ƙarya ba ya warkar da komai. Dokarki ma ba ta da laifi a tushenta. Littafin tarihi ba gidan biki ba ne da kowa zai shiga da gangarsa, kuma mai Jamusawa arba'in ya ci gaba da ba jikokinsa labari a tsakar gida. Inda kika yi tuntuɓe wuri ɗaya ne: kin ɗauka hujja da takarda abu ɗaya ne. Takarda shaida ce, amma mutum ya rubuta ta, kuma ke kika ce wanda ya rubuta bai san wa da ƙane ba.

Yanzu sake karanta wasiƙarki. Takardar ta ce mai ita ya rasa yatsu biyu na hagu. Da yatsu nawa aka binne Tanimu? Waɗanda suka yi masa wanka suna nan. Damuwa ce ta rufe miki ido, amma takardar da kike tsoro ita ce babbar mai ba babanki shaida. Ki duba littafin sojan da kyau, irinsa yakan faɗi tsawon mutum da alamun jikinsa, wani ma har da dangwalen yatsa. Ki kai takardun gaban kwamiti, ki kai Baba, ki faɗa musu komai, sannan ki fita ki ba su wuri. Ke ɗiyarsa ce, shaidarki ba ta shiga, kuma wani ne zai rubuta shafinsa, ba ke ba. Wannan shi zai rufe bakin masu cewa kin yi son kai.

Keita kuma a tafi cikin makon nan, ba na gaba ba. Mutum biyu daga kwamiti su je da rediyo mai kaset, su tambayi Maiguwa wa ya janyo mutane a bakin gadar, kuma da wane suna suke kiransa in Bature ba ya kusa. Kada a sa masa magana a baki. Tsoho mai jinya ba ya jiran shirin kowa.

Sannan ki roƙi kwamiti a gyara doka ta biyu. Inda takarda ta ɓace ko ta yi kuskure, a karɓi shaidu biyu waɗanda ba dangi ba, a tambaye su daban-daban, kuma littafin ya faɗi a fili cewa wannan daga takarda ne, wannan daga bakin wane. Amma ki ji ni da kyau: ƙofar da aka buɗe wa babanki an buɗe wa kowa, kuma Cima ce ta farko. Ki taka da ƙafarki zuwa Karofane. Ki duba bangon nan da gara ta bari, wataƙila lambarsa ta soja tana kai, a bi sawu da ita. Ban ce lallai mijinta zai sami shafi ba, shekara shida da kunne ɗaya ba lambar yabo ba ce, kuma doka ta farko tana nan. Amma me ya hana a ƙarshen littafin a jera sunan duk wanda aka tabbatar ya je? Layi ɗaya ne, ba zai cinye takarda ba. Ki kuma ba ta haƙuri, kin sallame ta da sauri.

Gogo tana da gaskiyarta. Littafinku na abin da sojoji suka yi ne, ba na inda wasu suka kwana ba. Rumbu ba ya shiga. A rubuta Alhusaini Garba, wanda aka ɗauka soja da sunan wansa Tanimu, a tsaya nan. Ba ƙarya a ciki, ba tonon asiri. Ki kuma tuna mata wanda ya noma gonar da gidan ya ci duk shekarun yaƙin, wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma kafin duk wannan, ki zauna gaban Baba ki yi masa tambayar da kike gudu. Sunansa ne, shi ya ba da aronsa, shi ke da ikon karɓowa. Ki fara tuntuɓar wanda ya san sha'anin 'yan mazan jiya, don ki tabbatar masa ko maganar za ta taɓa takardunsa na hukuma. In ya ce a bari yadda yake, ki bari, ki ajiye kaset ɗin saboda jikoki. Ni dai a ganina, mutumin da yake tambayarki kullum ko an sa shi, ba Tanimu yake tambaya ba.

Allah ya ba Maiguwa lafiya, ya ja kwanan Baba, ya yi miki jagora. Ranar da littafin ya iso, tunda idonsa ba zai karanta ba, ki tsaya a ƙofar zauren ki ɗaga murya ki kira Alhusaini Garba. Ki saurara, shekara hamsin yana jiran ya amsa wannan.

Inna Tabawa