Ranar da Ban San Sunanta Ba

Yaya Nabatun,

Gaisuwa daga Kampeche. Yaya ƙafar Inna? Masara ta yi kuwa?

Ni lafiya lau, aikin da nake yi na zanen bangon ɗakin ibadar baƙin da suka ci ƙasarmu ba wuya. Sai dai sun ƙone littafina mai sunayen kwanaki da abin bautar kowace rana, zazzaɓi kuma ya kwantar da ni har ƙirgen ya kuɓuce mini.

Matata Ishkukul ta rasu. Ban san sunan ranar ba, balle abin bautar da ke goye da ranar. Tun ranar da ta rasu nake ƙulli ɗaya a igiya kowace safiya, don in san yawan kwanakin.

Duba naka littafin, ka gaya wa ɗan aiken nan sunan ranar da zai taso, ya riƙa ƙulli ɗaya kowace safiya a hanya har ya iso ni. Sai in ƙirga baya, in san ranar ƙona mata turare.

Kada Inna ta ji tukuna.

Ƙaninka,
Nachan